Ƙwayoyin Daddawa da Tsutsar Ciki: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Ƙofar Dawanau ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Kano ta fuskar arewa maso yamma, tana tsakanin Ƙofar Waika da Ƙofar Ruwa. Sunanta ɗaya da shahararriyar kasuwar hatsi ta Dawanau da ke kan hanyar Katsina, cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Duk wanda ya zaga unguwannin da ke kewaye da ƙofar da hantsi ba zai rasa ganin mai koko da ƙosai ba, da Bafilatana da ƙwaryar nono, da 'yar talla ɗauke da farantin daddawa. Koko da nono da daddawa suna da abu guda da ya haɗa su, wato wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, su ne suke ba su tsami da ƙanshi. A cikin waɗannan lungunan kuma zai ga yara suna wasa a ƙasa, wasu ba takalmi, kusa da kwata ko bakin kududdufi. A irin wannan ƙasa ce ƙwayayen tsutsar ciki suke kwanciya suna jiran wanda zai ɗauke su.

Shekaru da dama ke nan masana kimiyya suna tambayar ko za a iya amfani da bakteriya masu amfani, irin waɗanda ke cikin abinci mai tsami, a yaƙi tsutsar ciki. Tambayar tana da tushe, kuma an sami sakamako mai ƙarfafa guiwa, musamman game da wata bakteriya da ita ce ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Amma abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, har yanzu binciken yana kan ɓeraye da aladu da tumaki, bai kai ga mutum ba. Saboda haka bai dace wani uba ko wata uwa su ajiye ƙwayar maganin tsutsa su dogara da nono ko wani gari da ake talla a leda ba. Haka kuma bai dace jami'o'in Arewa su naɗe hannu suna jiran wasu su kammala binciken su kawo musu a kwalba ba, alhali kayan aikin suna nan a bakin ƙofa.

Tsutsotsin da ake magana a kansu

Tsutsotsin ciki da ake ɗauka daga ƙasa manyansu iri uku ne. Na farko shi ne wanda Hausawa ke kira macijin ciki, masana kuma suna kiransa Ascaris lumbricoides. Macen takan kai tsawon santimita 20 zuwa 35, kuma a yini guda tana iya saka ƙwai wajen 200,000. Ƙwayayen suna fita tare da bayan gida, su yi mako biyu zuwa uku a ƙasa mai laima kafin su nuna, daga nan kuma suna iya yin shekaru ba su mutu ba. Idan yaro ya haɗiye su ta hanyar hannu mai datti ko ganyen da ba a wanke da kyau ba, sai su ƙyanƙyashe a hanji, 'ya'yan su huda bangon hanjin su bi jini zuwa hanta, su wuce huhu, su hau maƙogwaro, a sake haɗiye su, sannan su zauna a ƙaramin hanji su girma. Cikin wata biyu zuwa uku sun fara saka nasu ƙwan. Idan suka yi yawa sukan dunƙule su toshe hanjin yaro, har ta kai ga fiɗa.

Na biyu ita ce tsutsa mai kama da bulala, Trichuris trichiura, wadda ke cusa siririn kanta cikin bangon babban hanji, ta jawo gudawa, wani lokaci har da jini. Na uku su ne tsutsotsi masu ƙugiya, Necator americanus da Ancylostoma duodenale. Su waɗannan galibi ta fata suke shiga, musamman tafin ƙafa da tsakanin yatsu, su je su maƙale a hanji suna zuƙar jini. Abin da tsutsa ɗaya ke sha a yini bai taka kara ya karya ba, amma idan ɗaruruwa suka taru a cikin yaro ko mace mai ciki, ƙarancin jini ne zai biyo baya, tare da kasala da rashin kuzarin karatu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen biliyan ɗaya da rabi, wato kimanin kashi 24 cikin ɗari na mutanen duniya, suna ɗauke da irin waɗannan tsutsotsi. A wata maƙala da Peter Hotez da abokan aikinsa suka buga a 2012, an ƙiyasta cewa a Nijeriya kaɗai mutum miliyan 55 ne ke da macijin ciki, miliyan 38 ke da tsutsa mai ƙugiya, miliyan 34 kuma ke da mai kama da bulala. Binciken da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta gudanar a makarantun jihohi 19 da Abuja, wanda aka fitar da rahotonsa a 2015, ya sami tsutsa a cikin kimanin kashi 27 cikin ɗari na yaran da aka gwada. Cutar ta fi yawa a kudancin ƙasar inda damina ke da tsawo, domin zafin rana da bushewar rani suna kashe ƙwai da yawa a Arewa. Sai dai birni irin Kano yana da wuraren da ba sa bushewa ko da rani: kwatoci, da kududdufai, da lambunan da ake ba su ruwan Jakara da Getsi, inda ake noman latas da kabeji da karas da ake ci ɗanye.

Maganin da ake da shi da iyakarsa

Maganin tsutsa yana nan, kuma yana da araha. Ƙwaya ɗaya ta albendazol mai miligiram 400, ko ta mebendazol mai miligiram 500, ita ake ba yaro. A 2001 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri cewa a riƙa ba aƙalla kashi 75 cikin ɗari na yaran makaranta da ke wuraren da cutar take wannan magani a kai a kai. Ƙa'idar ita ce sau ɗaya a shekara inda cutar ta kama kashi 20 cikin ɗari na yara, sau biyu inda ta kai kashi 50. Kamfanonin GlaxoSmithKline da Johnson & Johnson sun ba da ɗaruruwan miliyoyin waɗannan ƙwayoyi kyauta domin rabawa a makarantu.

To, idan akwai magani, me ya sa ake neman wani? Dalilai uku ne. Na farko, ƙarfin ƙwayar bai zama ɗaya a kan kowace tsutsa ba. Jennifer Keiser da Jürg Utzinger na ƙasar Suwizalan sun tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2008, suka nuna cewa shan albendazol sau ɗaya yana warkar da kashi 88 cikin ɗari na masu macijin ciki, da kashi 72 na masu tsutsa mai ƙugiya, amma kashi 28 kacal na masu tsutsa mai kama da bulala. Na biyu, maganin yana kashe tsutsar da ke ciki ne, ba ya hana sabuwa shiga. Wani nazari da aka buga a 2012 ya nuna cewa shekara guda bayan an sha magani, yawan masu macijin ciki yakan koma kashi 94 cikin ɗari na yadda yake tun farko.

Dalili na uku shi ne ya fi tayar wa masana hankali, wato tsoron kada tsutsotsin su saba da maganin ya daina kashe su. Wannan ya riga ya faru a wajen dabbobi. An fito da tiyabendazol, wanda dangin albendazol ne, a 1961, kuma ba a yi shekara biyar ba aka fara samun tsutsar cikin tumaki da ba ta jinsa. A yau akwai garkunan tumaki da awaki a Afirka ta Kudu da Ostareliya da Kudancin Amurka inda tsutsar da ake kira Haemonchus contortus ta gagari magunguna iri-iri. Duk al'ummar da ta dogara da magani iri ɗaya ga ɗaruruwan miliyoyin yara shekara da shekaru, wajibi ne ta tanadi wani, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mene ne furobayotik?

A cikin hanjin kowane mutum akwai bakteriya biliyoyi barkatai, akasarinsu ba sa cutarwa, wasu ma taimako suke yi wajen narkar da abinci da horar da garkuwar jiki. A 1907 wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Élie Metchnikoff, wanda ke aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, ya kawo ra'ayin cewa bakteriyan da ke cikin madara mai tsami, irin wadda manoman Bulgeriya ke yawan sha, suna iya ƙara lafiya. A 1930 Minoru Shirota na Japan ya ware wata bakteriya mai jure tsamin ciki, wadda daga 1935 aka fara sayar da ita cikin abin sha mai suna Yakult. Kalmar furobayotik ta sami ma'anar da aka yarda da ita a 2001, lokacin da kwamitin masana na Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce su ne ƙananan halittu masu rai waɗanda idan aka sha su gwargwadon da ya isa za su amfani lafiyar wanda ya sha.

Wannan ma'ana tana da sharuɗɗa uku da ya kamata ɗalibi ya lura da su: halittar ta kasance da rai, a sha adadin da ya isa, kuma a tabbatar da amfanin ta hanyar gwaji. Idan aka auna abincin gargajiya da wannan ma'auni za a ga bambanci. Gasarar koko tana cike da bakteriya masu kawo tsami, amma da zarar an dama ta da tafasasshen ruwa yawancinsu sun mutu. Kindirmo da nono suna ɗauke da su da rai, sai dai babu wanda ya san iri nawa ne a ƙwarya, kuma na wannan ruga ya bambanta da na waccan. An taɓa gwada ruwan tsamin koko na gero a arewacin Ghana a kan ƙananan yara masu gudawa, aka buga sakamakon a 2006, kuma bai rage gudawar ba. Wannan bai rage wa koko darajarsa ta abinci ba. Abin da ya nuna shi ne abinci mai tsami ba ya zama magani sai gwaji ya shaida.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna game da tsutsa

Masana suna hasashen hanyoyi da dama da bakteriya masu amfani za su iya takura wa tsutsa. Suna iya ƙara yawan yauƙin da ke lulluɓe bangon hanji, su sa tsutsa ta kasa maƙalewa. Suna iya zaburar da garkuwar jiki. Suna kuma iya fitar da sinadarai masu cutar da ƙwai ko 'ya'yan tsutsa. An kuma sami shaidu. A ƙasar Meziko, a 1999 da 2001, Bautista-Garfias da abokan aikinsa sun ba ɓeraye bakteriyar Lactobacillus casei, suka ga yawan tsutsar Trichinella spiralis ya ragu a jikinsu. A Ajantina a 2007 an ba ɓeraye wani nau'in Enterococcus faecalis, aka ga 'ya'yan tsutsar karnuka, Toxocara canis, sun ragu a hanta da huhu. A Kanada a 2013 wani nau'in Lactobacillus rhamnosus ya hanzarta fitar da tsutsa mai kama da bulala daga hanjin ɓeraye.

Masu tallar kaya sukan tsaya a nan, amma labarin bai ƙare ba. A ƙasar Sifen a 2008 an ba wasu ɓeraye Lactobacillus casei, sai tsutsar Trichuris muris ta ƙara samun wurin zama a cikinsu maimakon ta ragu. A 2010 masana na Jami'ar Manchesta a Ingila sun gano cewa ƙwan wannan tsutsa ba ya ƙyanƙyashewa da kyau sai bakteriyan hanji sun taru a bakinsa, wato ita kanta tsutsar da bakteriya take dogara. A 2014 a Jami'ar Edinbara an nuna cewa wata bakteriya mai suna Lactobacillus taiwanensis tana taimaka wa wata tsutsar ɓera ta kafu a hanji. A Amurka kuma an ba 'ya'yan aladu wani nau'in Bifidobacterium da ake sa wa cikin madara mai tsami ta kanti, aka ga ya sauya yadda garkuwar hanjinsu ke aiki, amma bai rage yawan tsutsar Ascaris suum ba.

Darasin da ke cikin wannan saɓani a fili yake. Kalmar furobayotik suna ne na taro, kamar a ce itatuwa. Da maɗaci da mangwaro da tumfafiya duk tsirrai ne, amma ba wanda zai ce aikinsu ɗaya. Wata bakteriya tana korar tsutsa, wata tana yi mata shimfiɗa, wata kuma babu ruwanta. Har wa yau, duk waɗannan gwaje-gwaje a jikin dabbobi aka yi su, kuma cikin jagororin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na yaƙi da tsutsar ciki babu inda aka sa furobayotik.

Inda daddawa ta shigo

Gwajin da ya fi jan hankali ya bi wata hanya dabam, kuma ya shafi bakteriya biyu 'yan gida ɗaya. Ta farko ita ce Bacillus subtilis. Lokacin da mata suka dafa kalwa, suka surfe ta, suka wanke, suka sake dafawa, sannan suka rufe ta kwana biyu ko uku a wuri mai ɗumi, wannan bakteriya ce kan gaba wajen narkar da furotin ɗin kalwar har ta yi taushi ta fitar da warin da aka san daddawa da shi. S. A. Odunfa na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka tabbatar da haka tun farkon shekarun 1980. Ita ce kuma Japanawa ke amfani da ita wajen yin natto da waken soya. Tana da wata baiwa: idan yanayi ya yi tsanani takan dunƙule ta zama ƙwaya mai tauri wadda ke jure zafi da bushewa da tsamin ciki, ba ta bukatar firiji.

Ta biyu ita ce Bacillus thuringiensis, wadda aka fi sani da Bt, bakteriyar ƙasa da aka fara ganowa a Japan a 1901. Tana yin wasu furotin masu kashe ƙwari, kuma manoma sun shafe shekaru da dama suna fesa ta a gonaki. Manoman Arewa ma sun san aikinta ko da ba su san sunanta ba, domin irin waken nan SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta fitar a 2019 yana ɗauke da ƙwayar gado ta Bt, wadda ke kare shi daga tsutsar da ke huda kwanson wake. Cikin furotin ɗin Bt akwai wani mai suna Cry5B wanda tsutsotsi yake kashewa. Idan tsutsa ta haɗiye shi, sai ya maƙale a jikin wasu sinadarai da ke bangon hanjinta, ya huda shi. Hanjin mutum da na dabbobi masu shayarwa ba su da irin waɗannan sinadarai, shi ya sa ake fatan ba zai cutar da su ba.

A 2013 Yan Hu da Raffi Aroian da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun ɗauki ƙwayar gadon da ke yin Cry5B suka dasa ta cikin Bacillus subtilis. Suka ba wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera da ake kira hamsta, waɗanda aka sa musu tsutsa mai ƙugiya irin da ke kama mutum. Sha ɗaya ya kawar da kashi 93 cikin ɗari na tsutsotsin. A wannan shekarar kuma an nuna cewa furotin ɗin yana kashe Ascaris suum a cikin aladu. Daga baya, saboda damuwar da ake da ita game da sakin bakteriya mai rai wadda aka sauya wa halitta, masanan sun ƙirƙiro hanyar kashe bakteriyar su bar furotin ɗin a cikin gawarta. A 2020 an gwada wannan a kan tumaki masu ɗauke da Haemonchus contortus, ƙwan tsutsar da ke fita a kashinsu ya ragu ƙwarai.

A nan akwai wurin da ake iya yin kuskure, kuma wajibi ne malamai su toshe shi a aji. Bakteriyar da ke cikin daddawar kasuwa ba ta da Cry5B. A ɗakin gwaji aka dasa mata shi. Wanda ya ce miyar kuka da daddawa tana kashe tsutsa domin an yi gwaji a Amurka, ya ɗora wa gwajin abin da bai faɗa ba. Kuma shi kansa Cry5B har yau ba magani ne da aka yi wa rajista domin mutane ba. Tafiyar da ke tsakanin hamsta da yaron firamare doguwa ce: sai an gwada a kan manya masu lafiya a ga ko yana cutarwa, a gwada a kan masu cutar a gano adadin da ya dace, sannan a kwatanta shi da maganin da ake da shi a kan mutane masu yawa. Wani magani mai suna emodefsid, wanda likitocin dabbobi suka daɗe suna ba kyanwoyi da karnuka, sai a 2023 aka buga sakamakon gwajinsa a kan mutane a tsibirin Pemba na Tanzaniya. Matafiyin da ya taso daga Dawanau yana iya hango Dala tun daga nesa, amma Hausawa sun riga sun faɗi hukuncinsa.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce, to mene ne laifi idan an ba yaro nono da niyyar maganin tsutsa, tunda abinci ne? Nono abinci ne mai kyau, kuma yaron da ke samun isasshen abinci ya fi jure ɓarnar tsutsa. Laifin yana cikin niyyar. Uwar da ta gaskata cewa ta riga ta yi wa ɗanta magani ba za ta damu ba idan ya ƙi zuwa makaranta ranar rabon ƙwaya, kuma ba za ta kai shi asibiti ba sai cikin ya kumbura. Bayan haka, nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na cutar bakkale. Kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi zai kashe a kan garin furobayotik na kanti kuwa ya isa ya sayi albendazol na yaran gida gaba ɗaya, har da sabulu da silifa.

Wani kuma zai ja ta ɗaya ɓangaren, ya ce ƙasar da ba ta gama gina masai a makarantunta ba, ina ita ina binciken bakteriya? Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin tarihi ya nuna tsabta ce ke kawar da tsutsa. A Koriya ta Kudu, binciken ƙasa na 1971 ya sami ƙwan tsutsa a cikin kashi 84 cikin ɗari na mutanen da aka gwada. Zuwa 1997 adadin ya faɗo ƙasa da kashi 3, bayan shekaru ana gwada 'yan makaranta ana ba su magani, tare da gyaran masai da daina zuba ɗanyen bayan gida a gonaki. A nan kusa ma, a 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili. Amma gina masai aikin gwamnati ne da masu unguwanni da magidanta, bincike kuma aikin jami'a ne, ɗaya ba ya hana ɗaya. Kada a manta cewa aibamektin, maganin da ake rabawa domin cutar makanta ta bakin kogi, daga wata bakteriya aka samo shi wadda Satoshi Omura ya tsinta a ƙasar Japan, aikin da ya sa shi da William Campbell suka sami lambar Nobel a 2015. Ba a rubuta cewa irin wannan sa'a ba za ta fito daga ƙasar Kano ba.

Abin da ya kamata a yi

Ga jami'o'i, aikin farko shi ne a san abin da ake da shi. Sassan nazarin ƙananan halittu na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna iya tattara nau'o'in bakteriya daga daddawa da kindirmo da gasara, a tantance su, a adana su da sunayensu da wuraren da aka samo su, sannan a gwada su a kan tsutsa a ɗakin gwaji. Ya kamata a buga sakamakon ko da bai yi daɗi ba, domin sanin cewa wani nau'i ba ya aiki shi ma ilimi ne. Wurin da ya fi sauƙin farawa shi ne dabbobi. Tumaki da awaki dukiya ce a kowane gida, tsutsa tana rame su da damina, kuma akwai Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika da ta Vom waɗanda wannan fagensu ne. Aiki na biyu shi ne sa ido a kan ƙarfin albendazol: a riƙa ƙirga ƙwan tsutsa a bayan gidan yara kafin magani da bayansa, domin a gane da wuri idan ya fara rauni. Madubin likita da ƙwararren ma'aikaci kawai wannan ke bukata.

Ga hukumomi, Hukumar NAFDAC ce ke da alhakin tabbatar da cewa ba a rubuta wa wani kaya cewa yana maganin tsutsa ba tare da hujja ba, kuma duk ranar da aka zo da bakteriyar da aka sauya wa halitta, Hukumar Kula da Lafiyar Fasahar Halittu ta Ƙasa da aka kafa a 2015 ita za ta fara dubawa. Ya kamata kuma rabon magani ya isa makarantun allo da na Islamiyya, domin yara da yawa a cikin birni ba sa cikin rajistar firamare, alhali ƙasa ɗaya suke takawa da sauran.

Ga malaman sakandare, wannan batu dama ce ta koyar da yadda ake auna magana. Idan ɗalibi ya ji an ce wani abu yana magani, a koya masa ya yi tambaya huɗu: A kan wa aka gwada, mutum ko ɓera? Mutum nawa? Da me aka kwatanta? Wa ya biya kuɗin gwajin? Ɗalibin da ya saba da waɗannan tambayoyi ba mai lasifika a tasha da zai raba shi da kuɗinsa.

Ga ɗalibai da iyayensu kuwa, abin yi bai sauya ba. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayan gida da kafin cin abinci. A sa takalmi. A wanke latas da kabeji da karas da ruwa mai tsabta, ganyen da ake shakkarsa a dafa shi. A zuba kashin ƙananan yara a masai, kada a watsa shi a kwata. A karɓi ƙwayar tsutsa idan ma'aikatan lafiya sun kawo, yaron da cikinsa ya kumbura ko idonsa ya yi fari fat kuma a kai shi asibiti. A ci gaba da shan fura da nono mai tsabta, a ci gaba da sa daddawa a miya domin daɗinta da amfaninta. Mai yiwuwa ne wata rana a ga maganin tsutsa da aka yi da 'yar'uwar bakteriyar daddawa, kuma zai fi kyau idan cikin waɗanda suka haɗa shi akwai wanda ya tashi a Ƙofar Dawanau. Kafin wannan rana ta zo, rigakafi ya fi magani.